Maganin Saran Maciji da Borin da Yake Tayarwa: Tarihin da Ya Kamata Manoman Kura da Bunkure Su Sani

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, domin magana ce ta rai.

Kaka ta kawo jiki, an fara wasa lauje. Duk wanda ya taso a yankinmu na Kura, Bunkure da Garun Malam ya san lokacin yankan shinkafa lokaci ne na saran maciji. Damin shinkafa na tara ɓera, ɓera kuma na jawo maciji, mutum ya sa hannu zai ɗaga dami sai tsautsayi ya faɗa masa. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da kewayenta, mu ba mu da ranin da ake barin gona. Ana gama shinkafa a shiga alkama da tumatir da albasa. Mai ban-ruwa yakan fita cikin dare da 'yar tocilarsa da silifas, saboda a lokacin ne ruwa ya zo layinsa. Arzikin da ruwan nan ya kawo mana ba ya misaltuwa, amma ya sa muna cuɗanya da abin ƙasa wata goma sha biyu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata magana da nake yawan ji a majalisa, har da nan Facebook. Wai allurar saran maciji ta asibiti "ta fi dafin haɗari", wai an sa wa wane sai jikinsa ya ɗau rawa, ya feso da ƙuraje, numfashi ya sarƙe. Daga nan sai a yanke hukunci cewa gara a tsaya wajen mai magani a gida. To jama'a, wanda ya ce ya ga haka ba ƙarya ya yi ba. Allurar tana yin haka ga wasu. Amma likitoci sun san da wannan tun fiye da shekara 120, sun san dalilinsa, sun kuma san makarinsa. Bari na ba ku tarihin, sai kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Da farko mu san mene ne maganin. Ba daga ganye ko sinadari ake haɗa shi ba kamar farasitamol. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Garkuwar jikin dabbar sai ta ƙera makaman da ke kama dafin su ɗaure shi. Sai a ɗebi jininta, a ware ruwan jinin, a tace makaman nan a zuba a kwalba. Wato aron garkuwar jikin dabba muke yi. Matsalar ita ce jikin ɗan Adam shi ma yana da masu gadi, kuma idan suka ga baƙon abu daga jinin doki ya shigo jijiya da yawa lokaci guda, wani lokacin sai su yi masa ca. Wannan rikicin shi ne borin da ake gani.

Dabarar ta faro ne a Jamus a 1890. Emil von Behring da abokin aikinsa ɗan Japan, Shibasaburo Kitasato, suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da gubar wata cuta yana iya kare wata dabbar. Da shi aka samo maganin mashaƙo, cutar da ke shaƙe yara a Turai a wancan zamanin kamar yadda muka gani da idonmu a Kano daga ƙarshen 2022. A kan wannan aikin aka bai wa Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Na maciji kuwa, abin sha'awa, a ƙasar manoman shinkafa ya samo asali. A 1891 wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, yana aiki a Saigon ta ƙasar Biyetnam, sai ambaliya ta koro macizai masu fasa kai cikin wani ƙauye suka sassari mutane. Aka kamo wasu aka aika masa, ya duƙufa a kan dafinsu. A 1894 ya sanar da cewa ya samo makari, shekara guda bayan haka aka fara haɗa shi da jinin dawaki a birnin Lille na Faransa. Calmette ya ɗauka maganinsa zai yi wa kowane maciji. Wani likitan ƙasar Barazil, Vital Brazil, shi ya nuna cewa ba haka ba ne: kowane jinsin maciji da irin dafinsa, kuma makarin wannan ba lallai ya yi wa wancan ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Murna ba ta daɗe ba aka fara ganin ɗaya fuskar. A watan Afrilun 1896 a Berlin, wani babban likita, Robert Langerhans, ya yi wa ɗansa Ernst, yaron da bai cika shekara biyu ba, allurar ruwan jinin doki don kare shi daga mashaƙo, saboda wata mai aiki a gidan ta kamu. Yaron lafiyarsa ƙalau, amma cikin mintuna ya rasu. Jaridu suka ɗauka, gari ya ɗau zafi, wasu suka ce a daina maganin baki ɗaya. Kun ga irin muhawarar da muke yi a majalisa yau, Jamusawa sun yi ta shekara 130 da suka wuce. Sai dai ba su jefar da maganin ba, saboda suna ganin yawan yaran da yake ceto. Suka koma neman dalili.

A 1902 wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suna gwada gubar wata halittar teku a kan karnuka da niyyar saba musu da ita. Sai suka ga akasin haka. Karen da ya jure allurar farko, da aka ƙara masa ɗan mitsitsi bayan makonni, sai ya faɗi yana haki, kafin rabin awa ya mutu. Suka raɗa wa abin suna anafilaksis, wato garkuwar jiki ta yi tawaye ta juyo kan mai ita. Richet ya samu Nobel a kan haka a 1913. Sai kuma a 1905 a Vienna ta ƙasar Ostiriya, likitocin yara biyu, Clemens von Pirquet da Béla Schick, suka bayyana wani nau'in borin na daban mai zuwa a makare: yaro ya warke daga mashaƙo, bayan mako guda ko fiye sai zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi su taso. Suka kira shi ciwon ruwan jini. Pirquet ɗin ne ya ƙirƙiro kalmar da Turawa ke kiran borin jini da ita, alaji, a 1906. Wato ilimin borin jini kansa daga illar wannan magani aka fara gina shi.

Tun daga nan ake ta gyara. A shekarun 1930 aka samo hanyoyin tace ruwan jinin a zubar da tarkacen da ba a buƙata, kuma yawan tsabtar magani, yawan raguwar bori. Amma har yau ba a samu wanda babu bori kwata-kwata ba.

Yanzu mu dawo gida, domin Arewacin Najeriya yana da babban gurbi a tarihin nan, kuma da yawanmu ba mu sani ba. A farkon shekarun 1970 wani likita ɗan Birtaniya, David Warrell, yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa suka bi diddigin saran kububuwa, wadda wasu ke wa kirari da "gobe da nisa", suka wallafa bincike a kan mutum 115 a 1977. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana biyu ko uku jini ya ɓalle ta dasashi, ta fitsari, ko a cikin kai. Daga aikinsu aka samu gwajin da duniya ke amfani da shi har yau: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata. Idan bai daskare ba, dafi na aiki, a sa magani. Gwaji ne da ba ya buƙatar lantarki, a ƙasarmu aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka yi wani binciken a Malumfashi a kan kumurci mai tofi, wanda ke shiga ɗaki cikin dare ya sari mai barci, dafinsa ya ruɓar da nama.

Daga baya ƙarancin magani ya addabi ƙasar, sai Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa hannu da masana na Liverpool da Oxford aka kafa rukunin EchiTAb ƙarƙashin Farfesa Abdulsalami Nasidi. Aka riƙa kama macizanmu ana kai su Liverpool ana tatsa. Aka samu magani iri biyu. EchiTAb-G daga jinin tumaki aka haɗa shi a yankin Wales na Birtaniya, kuma na kububuwa ne kawai. EchiTAb-Plus daga jinin dawaki ake yin sa a ƙasar Kosta Rika, shi kuma ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi.

Ga inda nake so ku nutsu. An gwada magungunan biyu a Kaltungo ta Jihar Gombe a kan mutum 400 da kububuwa ta sara, aka wallafa sakamakon a 2010. Cikin masu binciken akwai namu na Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano. Da zubin farko kaɗai, cikin awa shida jini ya dawo daskarewa ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na doki, da kusan kashi 76 na waɗanda aka sa wa na tunkiya. Sauran aka ƙara musu. Bori fa? Na doki ya tayar wa kusan kashi 26, mai tsanani kusan kashi 11. Na tunkiya ya tayar wa kusan kashi 19, mai tsanani kashi 5 da ɗoriya. Wato cikin mutum huɗu ko biyar, ɗaya zai ji wani abu a jikinsa. Ba su ɓoye ba, su da kansu suka rubuta. Yanzu ku ɗora wannan a sikeli da ɗaya ɓangaren: saran kububuwa idan ba magani yana kashe tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin ɗari, idan kuwa an samu magani mai kyau da wuri, mace-macen kan koma ƙasa da biyu cikin ɗari. Bori abu ne da ake kwantar da shi a gadon asibiti cikin mintuna. Jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa ba a kwashe shi.

Borin nan kala uku ne, kuma yana da kyau duk mai jinya ya san su.

Na farko shi ne na nan take, daga minti goma zuwa awa uku da fara ƙarin maganin. Yakan fara da ƙaiƙayi, sau da yawa a fatar kai, sai ƙuraje irin na borin jini, busasshen tari, tashin zuciya, amai, bugun zuciya da sauri. Ga kaɗan daga cikin mutane yakan wuce nan: leɓe da fuska su kumbura, ƙirji ya riƙa shaƙewa, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya nemi suma. Makarinsa allurar adirenalin a tsokar cinya, nan take. Ana tsayar da ruwan, a yi allurar, idan jiki ya lafa a ci gaba da sa maganin sannu a hankali, domin dafin yana nan bai tafi ko'ina ba. Na san a nan ne rigima kan tashi tsakanin 'yan uwa da ma'aikata. Dangi sun ga abin da ya faru, sai a ce za a mayar da ruwan, sai su ce wallahi ba za a ƙarasa musu ɗan uwa ba. Don Allah a bar ma'aikata su yi aikinsu, haka ƙa'idar take a duk duniya.

Na biyu zazzaɓi ne da rawar ɗari bayan awa ɗaya zuwa biyu. Wannan yawanci daga rashin tsabtar haɗin maganin ne a masana'anta. Ana sanyaya jiki a ba da farasitamol. A kula da yara sosai, don zafin kan iya kawo musu taune-taune.

Na uku shi ne wanda Pirquet da Schick suka gano, kuma shi ya fi ruɗa mutanenmu. An sallamo mutum ya koma gida, bayan kamar mako guda, wani lokacin har zuwa mako biyu, sai zazzaɓi, ƙaiƙayi, ƙuraje, ciwon gaɓoɓi da kumburin kaluluwa. Nan take sai a ce dafin ne ya dawo, ko an yi masa jifa, a kama tsaga da turare. A'a, jiki ne ke fatattakar ragowar baƙon da ya shigo. Ana maganinsa da ƙwayoyi cikin 'yan kwanaki. A koma inda aka sa maganin a faɗa musu.

Akwai tsohuwar al'ada ta "gwaji", a ɗiga maganin a ƙarƙashin fata a jira a gani. Bincike tun 1986 ya nuna wannan gwajin ba ya faɗin wanda zai yi bori idan maganin maciji ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin sa. Ɓata lokaci ne kawai. Mutumin da bai taɓa karɓar maganin ba ma yana iya yin bori a karon farko. Abin da aka ga yana taimakawa shi ne wanda aka gwada a Siri Lanka a kan mutum fiye da 1,000 aka wallafa a 2011: ɗan ƙaramin adirenalin kafin a fara ya rage bori mai tsanani da kashi 43 cikin ɗari a awar farko. Ko za a yi wa mutum wannan ko ba za a yi ba, likita ne zai duba, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini.

To kun ga inda haɗarin gaske yake. Kwalbar da aka sayo a kemis aka kira wani ya ɗura a jijiya a cikin ɗaki, ba adirenalin a kusa, ba wanda zai zauna ya sa ido, ita ce abar tsoro. Maganin ɗaya ne, amma a can akwai makari a kan tebur, a nan babu. Haka ma allurar ATS da ake yi wa wanda ya taka ƙusa ko lauje ya yanke shi, ita ma daga jinin doki take, ba abar yi a tsaye a bakin kanta ba ce. Maganin mashaƙo da aka yi ta nema a Kano a 2023 shi ma ɗan gidan ne, shi ya sa a cibiyoyin jinya kaɗai ake sa shi.

Haɗari na biyu shi ne wanda Vital Brazil ya yi gargaɗi a kai. A wani asibitin karkara a Ghana, da maganin da suka saba da shi ya yanke a 2004, aka kawo wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya. Mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari. Mutum ya biya kuɗi, ya ɗauki kasadar bori, dafin kuma yana nan yana cin sa. Wancan magani mai kyau da suka rasa, Fav-Afrique, kamfanin Sanofi ya daina yin sa a 2014 saboda ba riba, ragowar ya lalace a 2016. Kasuwa kuma ba ta zama wayam, sai tarkace su cike gurbin. Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Idan kasa ce ko kumurci ya sari mutum a gefen kanal, aka sa masa wanda aka yi don kububuwa kaɗai, an yi aikin banza. Don haka a tambaya: wannan na waɗanne macizai ne? A rubuce yake a jikin kwalin.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 ta ɗau alwashin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya. A Najeriya hukumomin lafiya sun sha ambaton mutum kusan 2,000 a shekara, kuma kowa ya san wanda ya mutu a ƙauye ba a rubuta shi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar bincike a kan saran maciji. Ilimin yana Kano, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Kura. Abin da ya rage shi ne ya iso gadon asibitin da ya fi kusa da manomi.

Shi ya sa kirana ga shugabannin ƙananan hukumominmu, da 'yan majalisarmu, da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, shi ne kada a tsaya ga "a kawo maganin maciji". A nemi abu huɗu tare: magani mai haɗe da macizan yankin nan, firjin da zai ajiye shi, adirenalin da bai lalace ba, da ma'aikacin da aka horar wanda zai zauna kusa da majinyaci aƙalla awa biyun farko. Adirenalin ba shi da tsada, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Yankin da ke ciyar da Kano da shinkafa da tumatir bai kamata a ce manominsa sai an yi ta yawo da shi a bayan babur ana neman inda kwalba take ba. Ƙungiyoyin manoma da ke tara kuɗin gyaran kanal za su iya ware wani abu don wannan, su kuma san tun kafin kaka wane asibiti ne ke da shi.

Mu kuma namu: takalmin roba mai tsawo wajen ban-ruwa da yanka, fitila mai haske da dare, a taɓa dami da sanda kafin a sa hannu, a kwana cikin gidan sauro a kuma cusa bakinsa. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum kada a bar shi ya taka, a nufi asibiti. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak don suna ƙara zubar jini. Idan kumurci ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Idan yana da asma, ko an taɓa sa masa maganin maciji ko ATS ya yi bori, a faɗa tun a bakin ƙofa. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya.

Ma'aikatan lafiya da ke bibiyata, musamman na Kura, Bunkure, Garun Malam da Rano, ku faɗa mana a ƙasa inda ake samun maganin a yanzu da kuma wane iri ne, don mutane su sani tun kafin buƙata ta taso. Sauran 'yan uwa ku tura wa manomin da kuka sani, wanda ba ya karatu a karanta masa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa a yi kaka lafiya. Amin.